Odar caja da fawa banki daga Sin: ta ina zan fara?

Mai shago a Funtuwa:
Salamu alaikum. A Farm Centre ta Kano nake saro caja da fawa banki, amma ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ina so in yi odar kaina daga birnin Shenzhen ta shafin saye da sayarwa na Alibaba, jarina kuma kaɗan ne.

Ɗan Farm Centre:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Nemi samfur tukuna, ka gwada da hannunka. Wani fawa bankin an rubuta masa 20,000mAh, amma waya biyu ba zai cika ba. Batirin litiyam da ke cikin fawa banki kuma yana da tsauraran ƙa'idoji a jirgin sama. Ta ruwa ya fi araha, sai dai kuɗinka zai daɗe a kwance.

Hajiya mai kayan waya:
Malam, ku haɗa oda da maƙwabtanka. Tambayi ejan da zai shigo maka da kayan ko kuɗinsa ya haɗa da kwastan da takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kayan da ake shigowa da su Najeriya. Caja kuwa, ka ce mai ƙafa uku.