Antioksidan (sinadarai masu kare ƙwaya daga ɓarnar oksijin) a maniyyin kifi da aka daskarar: me kuka gani a wajenku?

Mai tambaya, Al-Kharj, Saudiyya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Maniyyin karfasa kafin a daskarar da shi yana motsi sosai, amma bayan an narkar sai rabi ya kwanta. Methanol, sinadarin kare shi daga lahanin daskarewa, kashi 10 cikin 100 ake sa masa, a bututun 0.5 ml. Ƙara bitamin C zai taimaka?

Daga Jidda: Wa alaikumus salam Malam. Yana taimakawa, amma a san dalili. Fatar ƙwayar maniyyin kifi cike take da kitse mai saurin lalacewa. Da an tsinka shi da ruwan haɗi, wato ruwan da ake cuɗa maniyyin da shi kafin daskarewa, an rage kariyar da ruwansa na asali ke ba shi, sanyi da narkewa kuma su tayar da gurɓatacciyar oksijin mai cin fatar da DNA. Fara da ɗan kaɗan, milimola 0.5 zuwa 1. Milimola 1 na bitamin C miligiram 176 ne a lita. Ka haɗa sabo ranar aikin, ka rufe kwalbar daga haske, don ba ya kwana. Sannan ka sake auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, domin bitamin C yana da tsami. Ka mayar da shi wajen 7.5 zuwa 8. Masu zuba shi da yawa su ke cewa ba ya aiki, alhali idan ya yi yawa, balle da ɓurɓushin ƙarfe a ruwan, shi ma ɓarna yake yi.

Daga Jizan: Bitamin E ba ya narkewa a ruwa, sai ya taru a sama kamar mai a miya. A nemi Trolox, wato makamancin bitamin E mai narkewa a ruwa, ko a gwada taurin, shi ma wani antioksidan ne. Kuma abin da ya yi wa karfasa ba lallai ya yi wa kifin baramandi da ake kiwo a Bahar Maliya ba: shi ruwan gishiri ke tayar da maniyyinsa, ita kuwa ruwan daɗi.

Daga Buraida: Ƙanena, kafin ka sayi komai duba yadda ake tatsar maniyyin. A goge cikin namijin ya bushe, a zubar da ɗigon farko, domin fitsari yana tayar da ƙwayoyin su ƙare ƙarfinsu tun a kofi. Ruwan haɗi ya kai wajen 300 mOsm (ma'aunin yawan abin da ya narke a cikinsa), a ajiye kan ƙanƙara. Zafin nan namu ba ya jira.

Bututu ya sha tururin naitirojin kamar minti 10, 'yan santimita sama da ruwan naitirojin ɗin, kafin a tsoma shi a ciki, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Narkarwa cikin daƙiƙu, a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 40.

Daga Jidda: Gaskiyar Yaya ce. Kuma a raba maniyyin namiji ɗaya gida uku: babu ƙari, kaɗan, da ninkinsa. Kada a tsaya kan motsin da aka gani a madubin awo. A zuba kowanne kan ƙwan mace ɗaya, a ƙirga waɗanda suka ƙyanƙyashe.

Mai tambaya: Allah ya saka. Zan fara da gyara tatsar, sai gwajin gida uku mako mai zuwa in sha Allah.