Maigidana ɗan Maraɗi ne, an ce 'yata ba 'yar ƙasa ba ce

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin doka ku taimaka min. Ni Bakanuwa ce gaba da baya, maigidana kuma ɗan Maraɗi ne. Tun yana saurayi ya zo Kano yana sayar da atamfa a Kwari, yau shekararsa 22 a nan. 'Ya'yanmu biyar, duk a Kano na haife su.

Babbar 'yata ta samu gurbin karatu, aka ce ta kawo takardar asalin ƙaramar hukuma. Muka je da takardar haihuwarta. Mutumin ya tambayi garin mahaifinta, ta ce Maraɗi. Bai ƙara duban takardar ba, ya turo mana ita ta kan tebur ya ce mu je Nijar a ba mu. A cikin adaidaita tana share hawaye da gefen hijabi take tambayata, "Umma, to ni 'yar ina ce?" Yarinyar da sau biyu kawai ta taɓa taka Maraɗi, biki da ta'aziyya. Gaskiya ne ba 'yan Nijeriya ba ne? Shi kuma Abbansu, aurena da shi bai isa ya sa a ba shi takardar zama ɗan ƙasa ba?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, 'ya'yanki 'yan Nijeriya ne na haihuwa. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yanci, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Bai ce uba kaɗai ba. Ko a Maraɗin kika haife su, ke kin ishe su. Matsalar ita ce an saba bin garin uba wajen ba da takardar asali. Ki koma da taki takardar asalin, da wasiƙar mai unguwa ko dagacin da ya san gidanku, ki nemi ganin na gaba da shi.

Batun maigidanki ne ya fi nauyi. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba. A watan Maris na 2022 an kai gyaran wannan gaban Majalisar Tarayya, aka kayar da shi, har mata suka yi ta zaman dirshan a ƙofar majalisar. Ni abin yana min ciwo, don ƙanwata ma haka take.

Hanyar da ta rage masa ita ce sashe na 27: zaman shekara 15 a ƙasa, kyakkyawan hali, gwamnan jihar ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, sannan rantsuwar biyayya. Ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake nema, Shugaban Ƙasa ke amincewa. Shekaru ya cika su har da ƙari, sai dai za a nemi hujja a rubuce.

Ɗan Damagaram:
Yaya, in ƙara miki daga ɓangarenmu. Da yawa suna tsoron neman zama ɗan Nijeriya don kada su rasa zama ɗan Nijar. Tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, kuma Nijeriya ba ta tilasta wa mutum ya ajiye ƙasar da ya samu ta haihuwa. Yaran ma suna da haƙƙi a can ta wajen mahaifinsu. Ku je gida ku yi musu takardu tun dattawan da za su shaide su suna raye.

Inna Hajara:
'Yata, tambaya ɗaya. Maigidan naki yana da katin zama na shige da fice kuwa? Mutanenmu suna shigowa ta Jibiya ko Maigatari, harshe ɗaya, addini ɗaya, ba mai tambayarsu, sai su shekara talatin ba takarda ko ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba mutum ba biza, bayan nan sai da katin zama. Ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairu 2025. An dai ce a ci gaba da mutunta zirga-zirgar jama'a kafin a sake shawara, amma ni ba zan jingina gidana da wannan ba. Ya fara gyara zamansa tukuna, ya tara rasit ɗin haraji da takardun shago, su ne za su ƙirga masa shekarun.

Maman Sadiya:
Allah Ya saka muku da alheri. Inna, kin taɓo inda yake, katin nasa ya daɗe da ƙarewa bai sabunta ba, zan yi masa magana in ya dawo kasuwa. Na karanta wa Sadiya amsar Malam Abu Hanif, ta sa na maimaita mata wurin sashe na 25 ta rubuta a bayan littafinta. Ranar Litinin in sha Allahu za mu fara zuwa wurin mai unguwa, yayana ya ce zai raka mu.