Shawarwari a zaure: gidan tarihi da za mu kai 'yan JSS 3

Malam Habu: Assalamu alaikum. Muna so mu kai yara yawon buɗe ido kafin hutu. Ina son wurin da wani mai fasaha ya zauna, su ga ɗakinsa da kayan aikinsa. Daga Birnin Kudu za mu tashi, mu dawo a ranar.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Nan Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Shi malami ne, amma ginin kansa fasaha ce ta maginanmu. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi. A sa yara su ɗaga kai su dubi yadda aka jera azara a rufi, su shafa zanen jikin bango. Yawancinsu bulo da kwano suka taso suka gani.

Alhaji Sule Direba: In gidan mawaƙi ake so, na shiga na Fela a Ikeja da na kai kaya Legas. Kalakuta ake kiran gidan. Fela ya rasu 1997, aka mayar da gidan wurin tarihi a 2012. Takalmansa suna jere, ɗakin kwanansa yadda ya bar shi, kabarinsa a harabar gidan. Abin ya tsaya mini a rai. Shata ya rasu tun 1999, ya kamata a ce yaranmu suna zuwa ganin kalangun makaɗansa haka.

Malam Habu: Alhaji, Allah ya ƙara girma, Legas ta fi ƙarfin aljihunmu.

Malama Rabi: To ku haɗa da Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano. Yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero yanzu, kuma a nan aka binne shi a 1983. Malam ya rubuta wasannin kwaikwayo, ba siyasa kaɗai ya yi ba.

Baba Liman: 'Ya'yana, kafin ku hau titin Kano, zanen da ke jikin duwatsu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude fa? Ga shi a bayan gidanku, yara nawa suka taɓa zuwa?

Malam Habu: Gaskiya ne Baba, wannan da ƙafa ma za mu je ranar Alhamis. Malama, Kano sai an aika takarda tukuna?

Malama Rabi: A aika da wuri, a rubuta yawan yara. Ku tashi bayan asuba, kowa da gorar ruwansa.

Alhaji Sule Direba: Bas ɗina na nan, ku zuba mai kawai.