Wane irin shinge zai tsare min lambuna daga dabbobin dawa?

Maman Biyu, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu lambu. Ƙauyenmu yana ƙasar Tudun Wada ta jihar Kano, ba nisa da dajin Falgore. Ina da ɗan lambu a bayan gida kusa da rijiya, tsawonsa taku 15, faɗinsa taku 10. Alayyafo ne a ciki da salak da karas da albasa, sai tumatir layi biyu. Da shi nake miya, abin da ya ragu yara su kai kasuwa, a sayi sabulu da littattafan makaranta.

Maigida ya kewaye min shi da darni bayan an cire dawa, kuma darnin ya yi kyau, awaki ba sa shiga sai in yara sun bar ƙofa a buɗe. Amma akwai abin da ke shigowa cikin dare. Da safe sai in tarar an datse salak tun daga gindi, an tone karas an ci rabi an bar rabi. Wallahi ranar da na ga fangali guda ya tafi, kasa karyawa na yi, don ni na san yawan gugan da na ja kafin ya kai haka. Wani lokaci kuma birai kan leƙo da hantsi in gari ya yi shiru.

Zan ɗauki adashe ƙarshen wata. In zuba kuɗin a wayar raga, ko akwai dabarar da ta fi? Maƙwabciyata ta ce in sa maganin ɓera a cikin dusa, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Baba Mai Albasa, Kura:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya mayar da alheri. Kada ki sayi komai tukuna sai kin san ɓarawonki. Yau da magariba, bayan kin gama ban ruwa, ki tankaɗe toka ki barbaɗa ta a gindin darnin ciki da waje, da asuba ki je ki duba sawu. Ki duba kashi ma. Zomo yana barin kashi ƙanana masu zagaye, kuma yankansa a ganye tsaf yake, ba ya yagewa. Gafiya tona take yi, ta cika kumatu ta kai raminta, za ki ga tulin ƙasa a bakin ramin. Kurege da rana yake aikinsa. Beguwa kuwa ba ta ɓuya, sai ta bar miki ƙayarta a wurin. In kin ga bushiya ki ƙyale ta, ƙwari take ci.

Ni na tashi na tarar ana noman rani a nan tun da ruwan Tiga ya iso gonakin Kadawa a shekarun 1970, kuma abin da na lura da shi, mutane suna kashe kuɗi a saman shinge alhali ɓarnar ta ƙasa take shigowa. Darninki ya riga ya tsare akuya. Ƙasan za ki gyara.

Ki sayi raga mai ƙananan ido, irin ta kejin kaji, wadda idonta bai wuce inci 1 ba, mai tsayin ƙafa 3. A Ƙofar Ruwa ana samu, kuma ki ce mai farin ƙarfe kike so, ita ce ba ta saurin tsatsa. A haƙa rami a gindin darnin ta waje, a binne ƙafa 1, a lanƙwasa bakin da ke ƙasa ya kalli waje, sannan a mayar da ƙasa a daddale. Dabba in ta zo tona a jikin shinge take farawa, sai ta ci karo da ƙarfe ta gaji. Sauran ƙafa 2 a ɗaure su a jikin dirka da waya, kada a bar ta tana lilo. Kewayen lambunki taku 50 ne, kin ga ba sai kin cinye adashen duka ba.

Dirka kuma, in za a samu kirya ita ce gara ba ta so, amma ta yi wuya yanzu. Darbejiya ma tana yi. A babbake gindinta a wuta kafin a kafa.

Ɗan Gumel:

Abin da Baba ya faɗa haka yake. Ni dai zan ƙara da cewa darni na shekara ɗaya ne, Hajiya. Gara ta ci, iskar farkon damina ta kwantar da sauran, baɗi kuma a sake neman kara, ga shi masu dabbobi suna sayensa da tsada. Mu a nan arewacin Jigawa shinge mai rai muka dogara da shi. Aguwa da dashi da bini da zugu, duk reshe ake sarowa a kafa, ba a neman iri. A kafa su cikin bazara gab da saukar ruwa, tazarar taƙi guda tsakani, kafin damina ta fita sun kama. Akuya ba ta cin bini da zugu, amma ki ja wa yara kunne a kan 'ya'yansa, guba ne in an ci. Farin ruwan aguwa kuma a kiyaye shi da ido. In kina son shingen da zai biya kansa, ki sa layin lalle ta ciki.

Kafin su girma, a jibge ƙayar magarya ko ta aduwa ta waje. Sannan ni baƙin mai nake shafa wa gindin dirka, ya fi babbaka daɗewa.

Uwargida, Ringim:

Malam, baƙin mai dai a bar shi, ba ka ji ta ce lambun a bakin rijiya yake ba? Ruwan da ake sha ne, ganyen kuma ci za a yi.

'Yar uwa, don Allah ki bar zancen maganin ɓera. Kajinki ne za su fara tsinta, ko kyanwa ta ci mushen, ga ƙananan yara suna wasa a wurin. A unguwarmu an taɓa asarar kaji da yawa ta haka, har zumunci ya so ya ɓaci. Ni tsohon gidan sauro da ya yage nake ɗinkewa in rufe fangalin da na yi sabon dashe, saboda ƙadangaru da tsuntsaye, wanda muke kwana a ciki kuwa ba na taɓa shi. Ki kula da ƙofa sosai. A binne katako ko a jera duwatsu a ƙasanta, a sa mata igiyar roba da za ta riƙa jawo ta ta rufe da kanta.

Maman Biyu, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi dabarar tokar. Zomo ne ke cin salak, ta wata kafa da ke kusurwar gabas yake shigowa. Gafiya ma tana nan, mun gano raminta ƙarƙashin tarin itacen girki, jikin darnin. Ragar za mu saya, maigida zai shiga Kano ranar Asabar. Reshen bini da zugu akwai shi a gidan kawuna. Saura birai, su yaya zan yi da su?

Baba Mai Albasa, Kura:

Madalla. Ki fara ɗauke itacen nan daga jikin shinge, a share ciyawa taku 2 a kewaye. Ki sani gafiya tana hawa, raga kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da tarko a bakin ramin, a ɗana da dare a kwance da asuba kafin a saki kaji.

Biri kam babu shingen da ke tare shi, 'yata. Mutum-mutumi ma kwana kaɗan yake ganewa. Abin da yake tsoro mutum ne da kare. In akwai reshen bishiya da ya leƙo cikin lambun a sare shi, ki riƙa cire tumatir da ya fara ja kada ya kwana a jiki, kuma ki mayar da wankinki da tsintar hatsinki can da hantsi, tunda lokacin suke zuwa. In an zo binne ragar, ki tsaya a kan kusurwoyi da kanki, a ɗora baki a kan baki kamar taƙi guda, a nan ne masu aiki ke barin kafa.