Kalma ɗaya ta haɗa ni da mai gidan haya a Sifen

Ɗan Zango: Assalamu alaikum. A Kumasi na tashi, na yi makaranta da Turanci, yanzu shekara 3 ke nan ina aiki a rumbun tattara tumatir a Roquetas de Mar, lardin Almeria. Yayana ne ya fara zuwa, shi ya samo mini ɗakin kafin ya koma Madrid. Albashi ya makara a wannan watan, sai na rubuta wa dattijuwar da ke da gidan da Sifaniyanci cewa "he procrastinado el pago", ina nufin na yi jinkirin biyan haya, domin na ɗauka kalma ce ta ladabi. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata ba, kuma kwantiragin hayar ya kusa ƙarewa. Me zan rubuta mata?

Malam Na Barcelona: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da bakinka ka ce mata da gangan kake jan ƙafa. Ko a Turanci "procrastinate" hali ne na mutum, "delay" kuwa jinkiri ne da kan faɗo wa kowa, "postpone" kuma ɗage abu ne zuwa wata rana. Ka rubuta "me he retrasado con el pago", wato na makara wajen biya, ka ambaci ranar da za ka biya.

Uwar Hanifa: Ni a ganina "aplazar" ta fi, domin neman ɗagewa kake yi. Amma su ma mutanen Sifen ai haka suke. Wata 2 ina bin kuɗin aikin share gida, kullum matar sai ta ce "mañana", har na gane ba gobe take nufi ba.

Malam Na Barcelona: Hajiya, ɗagewa kafin lokaci ake nemanta, shi kuwa ranar biya ta riga ta wuce. Shekara 14 nake ƙasar nan, na san abin da nake faɗa.

Ɗan Zango: Malam, ban ƙirƙiro kalmar ba. Ƙamus ɗin hukumar harshensu ya fassara "procrastinar" da "aplazar", kuma tushenta kalmar Latin ce, "cras", wato gobe. Ina laifina?

Baban Sadiq: Ka bar rubutu, ka je ƙofarta da rabin kuɗin a hannu.

Ɗan Zango: Ba ni da rabin, Baba, kuma har yanzu ba a faɗa mana ranar da albashin zai shigo ba.