Ƙwayoyin cuta sun fara sabawa da man kanumfari da na kirfa? Ku faɗi abin da kuka gani

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina sarrafa ruwan 'ya'yan itace a kwalba. Masu saye suna son abin da aka adana da tsirrai zalla, shi ya sa na koma man kanumfari da na kirfa. Da farko kayan suna daɗewa yadda nake so. Yanzu kuwa sai kwalba ta kumbura ko ta yi tsami tun lokaci bai yi ba, alhali ma'aunina yana nan yadda yake. Ƙwayoyin ne suka saba da man, ko wani abu ne daban? Don Allah wanda ya taɓa gani ya yi magana.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma sabawar nan na gan ta da idona. Mun riƙa renon Salmonella, wata ƙwayar cuta mai gurɓata abinci, a cikin ruwan da muka sa wa carvacrol, sinadarin da ke cikin man oregano (wani ganye mai ƙamshi), ɗan kaɗan wanda bai kai ya kashe ta ba. Waɗanda suka rayu sai mu ɗebo mu sake renonsu haka. Da tafiya ta yi nisa, ma'aunin da yake tsayar da kakanninsu ya daina tsayar da su.

Waɗannan mayukan fatar ƙwayar suke lalatawa har abin cikinta ya tsiyaye. Ita kuma tana iya sauya irin kitsen da ke fatarta ya yi wuyar ratsawa, ko ta ƙara wa famfunan jikinta aiki su riƙa tofar da gubar waje. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne famfunan ba sa zaɓe, suna iya tofar da maganin asibiti ma. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Zaragoza ta Sifaniya sun nuna cewa ƙwayar cutar E. coli da aka saba mata da ƙaramin ma'aunin irin waɗannan sinadarai ta zama mai taurin kai, har juriyarta ga wasu magungunan kashe ƙwayoyi ta ƙaru.

Amma kada ki yanke hukunci tukuna. Kumburin kwalba sau da yawa aikin yis ne, kuma sai an duba samfur za a san mai laifin.

Ummi: Anti, ki duba man naki ma. Nawa da ya daɗe a buɗe ƙamshinsa ya ragu, ƙarfinsa ya tafi tare da shi. Iska da haske da zafi suna cinye shi.

Kawu Bala: Ni a kamfanin yanka nama na yi aiki shekaru. An taɓa kawo mana ruwan feshi na man tsirrai, kowa ya yi murna da ƙamshinsa. Amma duk lokacin da aka shafo samfur daga ƙarƙashin wuƙar injin, sai a samu ƙwayar cutar Listeria. Ashe ta yi wa kanta wani yauƙi ta lafe a cikinsa, feshin yana wucewa ta sama, abin da ke isa gare ta ɗan kaɗan ne. Ga shi ita sanyin firij ba ya hana ta hayayyafa, kuma mai juna biyu tana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari da ita. Sai da aka koma kwance injin gaba ɗaya ana gogewa da buroshi da ruwan zafi sannan ta ɓace.

Zainab ɗaliba: Kawu, maganarka ta tuna min aikina na kammala karatu. A ruwan reno ɗigon man kanumfari kaɗan ya isa. Da na sa a niƙaƙƙen nama sai kitsen ya shanye shi, dole na ninka sosai kafin ya yi aiki. Waɗanda suka ɗanɗana kuwa suka ce ba ya ciyuwa. Nan matsalar take: ma'aunin da harshe ya yarda da shi sau da yawa bai kai ya kashe ba, sai ya zama horo kawai ake ba ƙwayar.

Maman Ilham: Wallahi Zainab kin taɓo ni, don ni ma ɗanɗano ne yake tsayar min da ma'auni. To Malam Sani, in daina sa man ke nan?

Malam Sani: A'a Hajiya, ki ci gaba, amma kada ya zama shi kaɗai ne mai gadi. Ki dumama ruwan ki cika kwalba da zafinsa, ki tabbatar da tsaminsa ya isa, ki ajiye ƙasa da digiri 5. Ƙwayar da ta iya jure wa abu ɗaya da wuya ta jure wa duka a lokaci guda. Ki kai kwalba mai kumburi da wadda ba ta kumbura ba ɗakin gwaji, tare da abin da aka shafo daga mazurari da bututun cikawa. Kafin sakamako ya fito, duk rukunin da kwalbarsa ta kumbura kada ya fita kasuwa.