"Gani ya kori ji": to idan masu ganin sun saɓa fa?

Ɗan Kurmi: Jama'a, karin maganar nan ta tsaya min a rai. Ku duba Titanic, jirgin da ya nitse ranar 15 ga Afrilun 1912 da mutum wajen 1,500. Lightoller, babba cikin jami'an jirgin da suka tsira, ya faɗa wa masu bincike cewa jirgin ya tafi ƙasa ɗungurungum. Jack Thayer, yaro ɗan shekara 17, ya ce a gaban idonsa ya rabe biyu. Kuma su biyun a bayan kwale-kwale ɗaya suka kwana, wanda ya kife. Duk ganau ne. Ganin wa zai kori na wa?

Baba Mai Carbi: Ɗana, ka ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Ana faɗinta ne ga wanda yake ta jin labari, ranar nan ya je ya gane wa idonsa. Tsakanin ganau da jiyau take hukunci, ba tsakanin ganau biyu ba.

Uwar Biyu: Baba, a gafarce ni, wane gani ake yi da ƙarfe biyu da minti ashirin na dare, babu farin wata, fitilun jirgi sun mutu, mutum na karkarwa cikin ruwan ƙanƙara? Ni ko mutum biyu suka ga faɗa a bakin famfo da rana tsaka, labari biyu za ka ji. Sannan Lightoller albashin kamfanin yake ci. A ce jirgin da ake ta kurantawa ya karye kamar kara? Bakin da ya ci shi ke godiya.

Baba Mai Carbi: A'a 'yata, kada mu ɗau alhakin mamaci. Ruwa ya ja shi ƙasa kafin ya taso, wataƙila abin da ya gani ke nan ya faɗa.

Ɗan Kurmi: Amma nasa aka ɗauka, Baba, a binciken Amurka da na Ingila duka. Girma ne ya kori gani.

Uwar Biyu: Har shekara 73. Sai a 1985 tawagar masanin teku Robert Ballard ta saukar da kyamara kusan mita 3,800, ga goshin jirgi can, ga gindinsa can, tazarar mita 600 tsakaninsu.

Baba Mai Carbi: To ai kin dawo gidana. Duniya tana ta ji, aka je aka gani.

Uwar Biyu: Yaron fa, Baba? Shi tun 1945 ya rasu.